Komai a Ciki? Lissafin Hutunmu a Wani Otal Mai Rangwame a Gaɓar Zanzibar

Sana'ata girkin biki ce a Kano. Na saba auna shinkafa da kwano, in ƙiyasta kajin da za su ishi taro, in san inda riba take da inda take zurarewa. Shi ya sa da aka nuna mini tallan wani otal a bakin tekun Zanzibar, wai ɗaki da abinci sau uku da abin sha ba iyaka duk a kan kuɗin da bai kai dala 100 ba ga mutum ɗaya a kwana, tambayar da ta fara zo mini ita ce ta ina mai otal ɗin zai fitar da ribarsa. Ba wanda yake kafa tukunya don ya yi asara. Mun je ni da maigida a watan Nuwamba, mun ci, mun sha, mun kwana, kuma na samo amsar. Otal ɗin bai cuce mu ba, duk abin da ya rubuta ya bayar. Sai dai an yanka tsarin ne daidai da wani irin baƙo, mai shan giya wanda ba ya son fita daga harabar otal, kuma mu ba shi ba ne.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, tunda akwai abubuwan da zan kushe, kuma irinsa suna da yawa a jere a gaɓar gabas ta Unguja, babban tsibirin Zanzibar, daga Pwani Mchangani zuwa Kiwengwa har Uroa. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Kuɗin goro kake biya tun kafin ka taso, da ka iso a ɗaura maka wani warwaron roba mai launi a hannu, shi ne shaidarka a ɗakin cin abinci da wurin shan abin sha har ranar da za ka tafi.

Kafin a kai ga warwaron nan akwai kuɗin da talla ba ya ambata, kuma ga ɗan Najeriya sun fi kuɗin otal ɗin nauyi. Tikitin jirgi ne kan gaba. Mun bi Ethiopian Airlines daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can muka sauya zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar, kuma tikitin kowannenmu ya zarce abin da ya biya na masauki da abinci gaba ɗaya. Sai biza. Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet, hukumar shige da fice ta duba takardun ta amince tukuna. Su da kansu suna ba da shawarar a nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada a yanki tikiti sai amsa ta fito. Ku ɗauki wannan shawara da gaske, domin rangwamen otal yawanci na wanda ya biya ne ba tare da damar karɓar kuɗinsa ba idan ya fasa. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa duk baƙon da ya shigo tun daga 1 ga Oktoba, 2024: dala 44 ga babba, daga kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin, ko da kana da wata inshorar daga gida. Katin rigakafin shawara ma sai da aka duba namu. A ƙarshe ga harajin kwana, 'yan daloli a kan kowane mutum kowane dare, wanda otal ɗinmu bai haɗa cikin farashin talla ba, a teburin karɓar baƙi muka biya. Dalolin da za ku saya a Wapa ku zaɓi sababbin bugu marasa yagewa, don tsofaffin takardu ba kowa ke karɓarsu a can ba.

Daga filin jirgi zuwa otal tafiyar sama da awa ɗaya ce a mota, kuma ita ma ba ta cikin "komai". Direban da muka samu da kanmu ranar komawa ya karɓi ƙasa da abin da motar otal ta caje mu ranar zuwa, nesa ba kusa ba.

Dalili na farko na arahar wurin shi ne teku kansa, kuma wannan ne abin da na fi so duk mai shirin tafiya ya fahimta. Hoton talla gaskiya ne: farin yashi mai laushi, ruwa shuɗi garai-garai, itatuwan kwakwa. Amma an ɗauki hoton ne lokacin da ruwa ya ciko. A gaɓar gabas akwai shingen duwatsun murjani can nesa a cikin teku, tsakaninsa da gaɓa kuma fili ne mai faɗi marar zurfi. Sau biyu a kowace rana ruwa yana janyewa, kuma idan ya janye yakan yi nisan da sai ka hango shi can kamar zare, ya bar yashi jiƙaƙƙe da ƙananan kududdufai da ciyawar teku. Tsakanin cikowa da janyewa kusan awa shida ne, lokacin kuma yana ja baya da kimanin minti 50 kowace rana. Ma'ana, in yau ruwa ya cika da hantsi, nan da 'yan kwanaki sai da azahar, bayan nan sai da yamma. Wata ne ke jan ragamar abin. A farkon watan Musulunci da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. A tsakankanin haka ruwan ba ya motsawa sosai. Duk wanda ke bin lissafin wata zai iya sanin abin da zai tarar tun yana gida.

A arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangara, ruwa ba ya guduwa haka, ana iya wanka a kowane lokaci. Shi ya sa ɗaki a can ya fi tsada. To ka ga arahar tamu tana da tushe. Maigida mai son ninƙaya ne, kuma ya ji zafin abin, domin akwai ranakun da ruwan kirki bai samu ba sai da sassafe ko dab da magariba. Ni kuwa janyewar ruwan ce ta fi burge ni a tafiyar gaba ɗaya. Da ruwa ya ja, sai matan ƙauye su fito da zannuwansu masu rubutu a gefe, su shiga gonakinsu na ciyawar teku, layi-layi na turaku da igiyoyi, suna tsinka suna ɗaurawa, ruwa iya ƙwauri. Noman nan ya kafu a tsibirin ne a ƙarshen shekarun 1980 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mata ne suka riƙe shi. Suna shanya ciyawar ta bushe, 'yan kasuwa su saya su fitar waje, a can a tace sinadarin da ke sa kauri a man goge baki da askirim. Na bi su a ƙafa har kusa da shingen murjani, sanye da takalmin roba. Takalmin nan wajibi ne, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa a ramukan dutse, in ka taka ta hutunka ya ƙare a ɗingishi.

Dalili na biyu shi ne lokaci. Nuwamba damina ce ƙarama a can, ruwa ya zubo na ɗan lokaci ya ɗauke, rana ta fito. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, lokacin farashi ya fi faɗuwa, wasu otal ɗin ma rufewa suke yi su yi gyare-gyare. Daga Yuli zuwa Satumba, da kuma ƙarshen Disamba, farashi yana hawa sosai, kuma nan ne hutun makarantun yaranmu ya faɗa. Mai iyali ya sa wannan a lissafinsa, don farashin da ya gani a talla mai yiwuwa ba na lokacin da zai iya tafiya ba ne.

Ɗakin ba yabo ba fallasa. Gado mai faɗi da gidan sauro, zanin gado mai tsabta, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki amma mai ƙara, soket irin namu na gida mai baki uku. Ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai. Wuta ta ɗauke wasu lokuta, janareta ya karɓa cikin 'yan mintuna. Akwai mesar tsarki a banɗaki, abin da na yaba. Ɗakin namu lambu yake kallo. Mai kallon teku da ƙarin kuɗi.

Yanzu abinci, inda idona ya fi buɗewa. Tsarin ɗebi-da-kanka ne safe, rana da dare. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tun daren farko na gane yadda shugaban kicin ɗin ke tafiyar da lissafinsa. An jera teburin ne yadda za ka fara cin karo da burodi, taliya, dankali da shinkafa. Kafin ka iso wurin nama farantinka ya cika. Farantan ma ba manya ba ne. Nama da kifi kuwa ba a barin su a buɗe, akwai ma'aikaci tsaye da cokali yana zuba maka yanka biyu, in kana son ƙari ka dawo. Gasasshiyar kazar daren jiya ita ce a cikin miyar ranar yau, kayan lambun da suka rage su koma romo, burodin safe ya zama kayan zaƙi da dare. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Haka duk mai girkin da ya san aikinsa yake yi, kuma abin da na duba shi ne ko ana riƙe mai zafi da zafinsa, mai sanyi da sanyinsa. Ana riƙewa. Cikinmu bai ɓaci ba har muka dawo.

Abin da ya dame ni ɗanɗano ne. Yawancin baƙin wannan gaɓa Turawa ne, Italiyawa sun fi yawa a wajen Kiwengwa, don haka girkin nasu ake bi: taliya kala-kala, miyar tumatir marar yaji, dafaffen kayan lambu ba gishiri ba magi. Kana zaune a tsibirin da duniya ta san shi da kanumfari da kirfa da masoro, amma abincin gabanka salam. Dare ɗaya a mako suke ware wa girkin gida, kuma a wannan daren ne kicin ɗin ya nuna abin da ya iya: shinkafar pilau da ta sha kayan ƙamshi, kifi a cikin miyar madarar kwakwa, ganye da kwakwa, ugali wanda tuwon masara ne mai tauri, da wata dabbar ruwa mai hannaye takwas da suke kira pweza, an dafa ta har ta yi laushi. Masu girkin 'yan ƙasa ne, wannan ne abincin da hannunsu ya sani, sauran kwanakin umarni suke bi. Da na fahimci haka sai na samu wata baiwar Allah a cikin masu girkin, na gaishe ta, na gaya mata sana'armu ɗaya. Daga ranar take ajiye mini ɗan kwanon yajin da suke ci a bayan kicin, ɗanyen barkono da lemon tsami da albasa. Da shi da yajin ƙuli-ƙulin da na taho da shi na ci abincin sauran kwanakin da daɗi. Duk Bahaushen da zai je irin wurin nan ya saka yajinsa a jaka.

Karin kumallo ya fi kowane lokaci kyau. Mangwaro, abarba, gwanda, kankana, ƙananan ayaba masu zaƙi, ƙwai a soya maka yadda kake so, da mandazi, wani soyayyen fulawa mai ɗan ƙamshi. Sai dai a nan ne kuma naman alade yake fitowa, a tirensa daban da alamar rubutu. Tsibirin na Musulmi ne kusan gaba ɗaya, naman shanu da kaji yankan Musulmi ne kamar yadda masu kicin suka tabbatar mini, amma otal na baƙi ne, yana kawo abin da baƙinsa ke nema. Na tambaya ko kasko ɗaya ake amfani da shi wajen suyar ƙwai, aka nuna mini daban ne. Ku tambaya, ba wanda zai ji haushi, yawancin ma'aikatan ma ba sa ci.

Ga inda gizo ke saƙar. A irin wannan tsari, kaso mai tsoka na kuɗin da ka biya na abin sha ne, abin sha kuma a wurinsu giya ce. Tun hantsi ake buɗe wurin shan, har dare ana zuba wa mai warwaro ba lissafi. Mai otal ya riga ya ƙiyasta abin da matsakaicin baƙo zai sha, ya raba a kan kowa da kowa. Wanda ya sha da yawa ya ci riba, wanda bai sha ba ya tallafa masa. Ni da maigida shayi muke sha da ruwa da ɗan lemon kwalba, don haka kowace rana muna biyan kuɗin abin da addininmu ya hana mu, wani yana shanyewa. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da batun asarar kuɗin.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne jerin abubuwan da aka cire daga cikin "komai". Giyar gida kyauta ce. Lemon kwalba kyauta ne, haka wani ruwan 'ya'yan itace na gari da ake damawa a zuba a na'ura. Amma ruwan mangwaro ko na abarba da za a matse a gabanka, sai ka biya. Ɗanyar kwakwa da za a fasa maka ka sha ruwanta, wadda itacenta ke tsaye a kan ɗakinka, sai ka biya. Kofi mai kyau na inji, sai ka biya. Manyan jatan lande da ƙaguwa, sai ka biya, da dala. Wato duk abin da marar shan giya zai yi marmari an fitar da shi waje. Na yi wa manajan magana cikin ladabi, na ce ko za a musanya mana, a ba mu matsattsen ruwan 'ya'yan itace kofi biyu a rana a madadin abin da ba ma sha. Ya saurare ni da mutunci, ya ce tsarin daga sama yake, ba shi da ikon canzawa. Na yarda da shi, amma tsarin bai yi adalci ba, kuma a tsibirin Musulmi da ke samun baƙi daga ƙasashen Larabawa da Afirka ya kamata a ce an tanadi farashi na daban ga wanda ba ya sha.

Na bincika otal ɗin da ke maƙwabtaka da namu, masu daraja ɗaya, waɗanda ke ba da ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai. Bambancin farashin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan kason shi ne kuɗin abincin rana da abin sha, kuma mu ba mu ci rabinsa ba.

Batun ibada bai ba mu wahala ba. Ba a sa alamar alƙibla a ɗaki ba, amma mai share ɗakin ta nuna mana, har ta kawo darduma ta biyu. Mu da muka saba fuskantar gabas sai muka ga muna fuskantar arewa, domin Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe. In ka tsaya sallah a wannan gaɓa, teku yana hannun damanka. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Ana jin kiran sallah daga ƙauye, kuma maigida ya yi Juma'a a can, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Sutura kuwa sai an yi haƙuri. Gwamnatin tsibirin tana neman baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari da ƙauyuka, amma a harabar otal da bakin ruwa Turawa suna yawo da kayan wankansu, kusan tsirara. Mai tafiya da yara ko da iyaye ya san da wannan tun daga gida. Ni da rigar wanka mai rufe jiki na shiga ruwa, ba wanda ya kalle ni sau biyu, kuma na fi zaɓar bayan asuba, lokacin da bakin tekun babu kowa sai masunta da ke tura kwale-kwalensu, rana tana fitowa daga cikin ruwa. Da dare akwai kiɗa da rawa a kusa da wurin shan giya har wajen sha ɗaya. Ku roƙi ɗaki mai nisa da wurin.

Babbar asarar da warwaron nan ke jawowa ba a cikin otal take ba. Tunda ka riga ka biya abincin rana, duk ranar da ka fita sai ka ji kamar kana zubar da kuɗi, sai ka zauna. Na ga baƙin da tun da aka sauke su ba su taka wajen ƙofa ba har aka zo ɗaukar su. Alhali Zanzibar ɗin tana waje. Tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana da lunguna ƙunci-ƙunci da gidajen dutsen murjani da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A nan Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa daga Maskat a wajen 1840, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari da bayi suka noma. Mun shiga inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina cocin Angilika a wurin, muka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙanƙanin rufi. Na fito jikina a sanyaye. Mun ga tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, da babban gidan nan Beit al-Ajaib, wanda wani sashensa ya rushe a Disambar 2020, muka tarar da shi a rufe. Sarautar Larabawan ta ƙare da juyin juya halin 12 ga Janairu, 1964, a watan Afrilun shekarar kuma tsibirin ya haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Duk wannan yana nan awa ɗaya da 'yan mintuna daga gadon da kake kwance kana jiran ƙararrawar abinci.

A kasuwar Darajani na yi sayayyar da ta fi kowace amfani gare ni: kanumfari, kirfa sanda-sanda, masoro, kurkum, a farashin da ya sa na yi da-na-sanin ƙarancin kilo a jirgi. A gidan abinci na Lukmaan, inda 'yan gari ke cin abincinsu, muka ci biriyani da kifi da ya fi duk abin da otal ya ba mu, a kan kuɗi kaɗan na shilin. Da magariba muka je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda masu tebura ke kunna fitilu suna gasa kifi da tsire, ana matse rake da citta da lemon tsami. Na sha urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, na tsaya ina tambayar mai sayarwar yadda ake haɗa shi. A ranar mun bar abincin rana da na dare a otal, mun biya wasu a gari. Sau biyu ke nan muka biya, kuma na garin ne muke tunawa.

Mun je gonar kayan ƙamshi, inda na fara ganin kanumfari a kan bishiyarsa da masoro yana hawa itace, da dajin Jozani mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a tsibirin. Duk waɗannan fita-fitan ba sa cikin kuɗin otal. Teburin shirya yawo na otal yana da tsada. Samarin da ke bin baƙi a bakin ruwa suna da araha amma ba ka san wa ka ba kuɗinka ba. Mu direban da ma'aikatan kicin suka haɗa mu da shi muka riƙe, mai lasisin ɗaukar baƙi, muka yi ciniki a kan yini guda.

Akwai abin da na gani a ƙauyen bayan otal da ba zan iya yin shiru a kansa ba. Mata da yara a layi da jarkoki a bakin famfo ɗaya, ga katanga, a bayanta tafkin ninƙaya cike da ruwa da ciyawa shar ana yi mata ban-ruwa. Masu ƙananan shaguna da masu tuyar mandazi suna kallon motocin baƙi suna wucewa ba a tsayawa. Baƙon da ya biya komai tun daga ƙasarsa ba shi da dalilin sayen ko da kofin shayi a wajen katanga. Ni ƙaramar 'yar kasuwa ce, na san yadda ake ji idan taro ya cika a unguwarku amma ba wanda ya leƙo rumfarka. Otal ɗin yana ba mutane aiki, ban musa ba, kuma ma'aikatansa su ne mafi kyawun abin da yake da shi: masu haƙuri, masu fara'a, suna tsaye tun safe har dare, kowa "Mama" yake kirana. Ku ware kuɗin tukwici, ku miƙa hannu da hannu ga mai share ɗaki da mai kwashe faranti da mai ban-ruwan lambu, kada ku tsaya ga akwatin da ke teburin karɓar baƙi kaɗai.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ya danganta da wanda ke tafiyar. Da da yara ƙanana na je, ko da Hajiyarmu da gwiwa ba ta barin ta yawo, da na ce a biya kuɗin goron a huta. Yaro ya ce yunwa a kowane lokaci akwai abin ba shi, ba a buɗe jaka, ba ciniki, ba neman mota, ga mai gadi a ƙofa, ga tafkin ninƙaya idan teku ya janye. Haka wanda aiki ya gajiyar da shi, ba abin da yake so sai barci da iskar teku, ko wanda ke tsoron kashe fiye da abin da ya tanada. Sanin cewa ba wani lissafi da ke jiranka ranar tafiya shi ma hutu ne, kuma na ji daɗinsa.

Amma mata da miji masu ƙafar yawo, marasa shan giya, masu son su ci abincin gari, ba su ne aka yi wa tsarin ba. Kafin ku biya kowane otal, ku rubuta musu ku tambaya a fili: matsattsen ruwan 'ya'yan itace yana ciki? Ruwan sha na gora nawa ake bayarwa a rana? Harajin kwana da motar filin jirgi suna ciki? Za a ɗaure muku abincin rana idan za ku fita? Nawa ne farashin ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai? Ku nemi amsar a rubuce, sannan ku duba jadawalin cikowar ruwa na kwanakin da kuka zaɓa.

Idan Allah ya sake nufar mu da komawa, za mu fara da kwana a cikin Stone Town, mu ci abincin gari mu yi sayayya a Darajani ba gaggawa, sannan mu wuce Kendwa mu kama ƙaramin masauki mai karin kumallo da abincin dare, inda maigida zai samu ruwan ninƙaya a kowane lokaci. Abin da ya rage na kuɗin zan ƙara kilo a jirgi saboda kanumfari da kirfa, don girkin bukukuwan bayan sallah.